Kafin Tanti Houda Ta Hau Ruwa

Kusan duk amaryar da aka yi wa biki a cikin Hausawan Greensboro ta Amurka, in ka buɗe hotunanta, aikin Tanti Houda za ka gani a hannuwanta. Ita ce mai ƙunshinmu. Amarya ɗaya ce ba ta yi wa ba, kuma saboda wannan amaryar ta kusa fasa tafiyar hutu ta farko a rayuwarta.

Gidanta yana bayan wani filin sayar da motoci a Gate City Boulevard, a hawa na biyu. Tun daga matakala ƙamshin lalle da turaren wuta ke tabbatar maka ba ka ɓata ba. Falon ƙarami ne. Akwai doguwar kujera, amma ba a cika hawanta ba. A ƙasa ake zama a miƙe ƙafa bisa leda, ita kuma ta sunkuya da reza tana yanka salatif siri-siri, tana jera shi a ƙafa har zane ya fito kafin ta ɗora lalle. Ba ta duba waya don ta kwafi zane. In ka nuna mata hoto, sai ta kalla ta ce, "Wannan na ƙafar wata ne. Kawo taki in gani."

'Yar Gaya ce, a bakin kogin Kwara, can ƙasar Nijar. Mijinta ya kawo ta nan, ya yi tuƙin tasi har Allah ya karɓi abinsa, ya bar ta da ɗa ɗaya, Kader. Da safe tana gyaran ɗakuna a wani otal, da yamma tana ƙunshi, a haka ta raine shi har ya gama jami'a ya samu aikin kwamfuta a Raleigh. Turancinta na aiki ne. Ya ishe ta ta yi ciniki, ya ishe ta ta yi wa ma'aikatan ofishin haya faɗa idan famfo ya lalace.

Ina gidan ranar da Kader ya zo da maganar. An ɗaure mini ƙafafu cikin leda ana jiran lallen ya kama, ba halin in tashi in ba su wuri.

"Mom, na ɗauki hutu. Zan kai ki cruise."

"Mi ne ne kuma kurus?"

"Jirgin ruwa ne babba, kamar otal. A ci, a sha, a kwanta, a tsaya a tsibirai a zagaya."

"Daga nan sai ina?"

"Sai a dawo."

"Inda aka tashi?"

"Eh."

"To mi aka je yi?"

Kader ya yi dariya ya zauna kusa da ita, ya buɗe waya yana nuna mata wurare don ta zaɓa. Ya nuna mata Alaska da duwatsun ƙanƙara, ta ce sanyin Janairun nan bai ishe shi ba? Ya nuna wani bakin teku da mutane kwance a rana, ta kau da kai ta ce Allah ya shirya. Da ya zo kan tsibiran Bahamas, sai ta riƙe hannunsa. Hoton wata dattijuwa ce a kasuwa, tana saƙa kwando da ganye.

"Tsaya. Wannan ai saƙar kaba ce. Dubi yadda ta naɗe bakin, kamar gwaggona." Ta matso da wayar kusa da ido. "Mutanen can suna gaisawa?"

"Ban sani ba, Mom."

"Mai irin wannan hannu tana gaisawa. Bon, can za mu."

Har Kader ya fara danne-danne, sai ta sake tambaya, murya ƙasa-ƙasa: "A kan ruwa za mu kwana?" Ya ce eh, kusan mako guda. Can ta ce to akwai aiki a gabanta.

Aikin shi ne neman yafiya. Mahaifinta falken albasa ne, yana haye kogi a kwale-kwale zuwa kasuwar ƙetare. Duk lokacin da ruwa ya cika, ba ya sauka bakin kogi sai ya bi ɗakin kowa a gida, har yara, ya ce a yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Yakan ce ba a hawa ruwa da haƙƙin wani a wuya, don nauyi ne, ruwa kuwa ba ya son nauyi. Tanti Houda ta tashi da wannan maganar kamar yadda ake tashi da tsoron maciji. Ba ta taɓa zama ta tambayi kanta ko haka ne ba.

Sai ta fara zagaye. Ta je wajen matan da take yi wa ƙunshi. Ta je wajen makanikin da ta taɓa kira ɓarawo a kan birki. Ta shiga shagon wani mutumin Asiya inda take sayen lalle da busasshen kifi, ta tsaya a gaban kantarsa tana ce masa, "Forgive me, forgive me," shi kuma ya ɗauka wani abu ta fasa, ya bi layin kwalabe yana dubawa. Kafin mako ya fita, magana ta zaga cewa Tanti Houda ba ta da lafiya, likita ya gaya mata wani abu. Wata ta kawo mata kunu tana hawaye. A harabar masallaci bayan sallar Juma'a, wani dattijo, Alhaji Sanda, ya tare ta.

"Maman Kader, Makka za ki ne ba a gaya mana ba?"

"A'a, Alhaji. Bato zan shiga, jirgin ruwa, yawo."

"Ikon Allah! Mu da muka je neman lada ba mu zagaya haka ba, ke da za ki shan iska kin tayar da gari. Na yafe, amma tsarabata kifi, mai rai."

Kowa ya yafe, don yawancinsu ba su ma tuna an yi musu komai ba. Gida ɗaya ya rage, kuma kowa ya san wanne ne: gidan Hajiya Daso.

Hajiya Daso yayar mahaifiyata ce, a gidanta na Summerfield nake zaune tun da na zo karatu. Da can ita da Tanti Houda ba a jin kansu. Tare suke girkin suna, tare suke zuwa gaisuwar mutuwa. 'Yar Hajiya, Rahama, a hannun Tanti ta girma. Kowace Sallah ita ke mata ƙunshi, kuma tun tana ƙarama take ce mata, "Ran aurenki zan yi miki wanda ban taɓa yi wa kowa ba."

Da auren ya zo, sai ya zama Josiah ne angon, baƙar fatar Amurka ɗan East Greensboro, makanikin motocin makaranta, wanda ya musulunta tun kafin su haɗu. Hajiya ta yi ta bincike, ta gamsu, ta ba shi. Wasu sun yi gunaguni a ɗakunansu. Tanti Houda kuwa ta faɗa a gaban mata cewa ba a san asalinsa ba.

Ranar ƙunshi ina nan, ban daɗe da zuwa ƙasar ba. Mata sun cika falo, an shimfiɗa leda, an wanke wa amarya ƙafa, ana jira. Aka kira wayar Tanti, ba ta ɗauka ba. Da la'asar ta aiko cewa hannunta ke ciwo. Babu wanda bai gane ba. Ƙawayen amarya suka ruga shagon Indiyawa suka sayo lallen matsawa, suka yi abin da suka iya, ya caɓe. In ka duba hotunan bikin, ba za ka ga hannun Rahama ba ko a ɗaya. A cikin mayafi yake.

Tun daga nan Hajiya da Tanti ba su sake haɗa hanya ba. Ni dai Hajiya ba ta taɓa hana ni zuwa ƙunshi wajen Tanti ba, ba ta kuma taɓa cewa ya yi kyau ba.

Wata Lahadi da hantsi aka buga ƙofa, na buɗe, na ga Tanti Houda. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a kan kafet gaban Hajiya. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi Kader, aka sake tambayar gida. Sannan ta ce, "Hajiya, ruwa zan hau. Na zo ki yafe mini."

Hajiya ta rage ƙarar talabijin.

"Nawa na yafe tuntuni, Houda. Hawan jinina ba zai ɗauki riƙo ba. Amma ba ƙafata aka wanke aka zauna jiranki ba."

"Na sani."

"To kin san inda za ki." Ta juyo gare ni. "Tashi ki nuna mata gidan."

Gidan Rahama ƙarami ne, na jan bulo, da baranda a gaba. Josiah ne ya buɗe mana. Ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Tanti. Ina gajiya?" da Hausarsa mai karyewa. Tanti ta amsa kanta a ƙasa. Ta fara haɗa Turanci za ta roƙe shi, ya ɗaga hannu ya ce shi bai riƙe komai ba, abin da aka faɗa a kansa an faɗi wanda ya fi shi a garin nan tun kafin a haife shi. Maganar tana wajen matarsa. Ya kwashi yaran ya fita da su bayan gida.

Rahama ma'aikaciyar jinya ce, ta dawo daga asibiti ke nan, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta kawo ruwa, ta zauna. Tanti ta faɗi abin da ta zo faɗa, irin yadda ta faɗa wa kowa: abin da na sani da wanda ban sani ba.

"Wannan kin san shi, Tanti."

"Na san shi, ɗiyata."

"Yaushe jirgin zai tashi?"

"Asabar ta sama."

"Da babu jirgin, da kin zo?"

Na so a ce Tanti ta yi ƙarya. Ƙaramar ƙarya ce, kowa zai yi ta. Ta dubi hannuwanta da lalle ya rina har ya zama kamar launin fatarta, ta ce, "Ina jin da ban zo ba."

"To kin gani." Muryar Rahama ba ta tashi ba. "Shekara nawa muna gari ɗaya? Na haihu, ba ki zo ba. Na sake haihuwa, ba ki zo ba. Yanzu kina tsoron ruwa, kin zo in sauke miki kaya ki tafi vacation da sauƙi. Ni na zauna ranar nan ina kallon ƙofa, Tanti. Duk motar da ta tsaya sai in ce ke ce. I'm sorry, ba zan ce na yafe don jirginki zai tashi ba. In na faɗa, ƙarya na yi miki."

Tanti ta gyaɗa kai a hankali. "Shi ke nan. Na fasa tafiyar."

"A'a! Kada ki yi mini haka." Yanzu kam muryar ta tashi. "Gobe garin nan kaf a ce Rahama ta hana tsohuwa hutun da ɗanta ya shirya mata. Wancan karon ni aka yi ta yi da ni. Yanzu ma ni? Ki yi tafiyarki. Kawai kada ki sa ni a ciki."

Muka fito. Muka shiga mota muka hau Gate City. Muna tsaye a danja ta ce, ba ni take kallo ba, "In na zauna, na sake cutar ta. In na tafi, na hau ruwa da haƙƙinta." Da na sauke ta, ta leƙo ta taga ta ce kada in gaya wa kowa yadda aka yi, ko Hajiya. In an tambaya, in ce mun je mun dawo. Na riƙe, sai yanzu da su biyun suka yarda in rubuta.

A makon nan mata sun yi ta tambayarta ko an daidaita da gidan Hajiya. Amsarta ɗaya ce, "Na je." Daga nan ta sa reza a salatif. Ta haɗa akwatinta, ta ƙulla yaji a leda don ta ji an ce abincin jirgi ba shi da ɗanɗano. Wadda ta kai mata ɗinki ta ce ta same ta zaune a gaban akwatin, carbi a hannu, ta rame.

Sauran kuwa, Kader ne ya ba ni labari, yana dariya, don bai san abin da ke ƙasa ba. Ya ce da suka isa tashar jiragen ruwa ta Norfolk, ta ɗaga kai ta kalli jirgin ta ce wannan ba bato ba ne, unguwa ce. A bakin gadar shiga ta tsaya cak. Mutane suna ta wuce su da gajerun wanduna da hulunan rana. Ya ce, "Mom, are you okay?" Ta yi addu'a mai tsawo, ta ce masa, "Kai ma ka yafe mini," ta sa ƙafar dama ta shiga.

Ta samu rigar ceto a ɗakinsu, ta sa ta ƙi cirewa, da ita ta je cin abinci. Duk lokacin sallah sai ta sa ya duba alƙibla a waya, don ta ce jirgin ba shi da amana, yana juyawa ba ya faɗa. Kifi da shinkafa ta yi ta ci da yajinta, har wani ma'aikacin ɗakin abinci ya roƙi ya ɗanɗana, ya yi ta tari. Ba ta leƙa ruwa ba sai da aka kwana biyu. In jirgin ya ɗan girgiza, sai ta kama abin da ke kusa ta rufe ido.

A tsibirin ne kawai ta saki jiki. Ta ƙi motar zagaya gari, ta ce a kai ta kasuwar kwanduna. Ba ta samu matar cikin hoton ba, amma ta samu wata irinta, ta gaishe ta, matar ta amsa har da tambayar daga ina. Tanti ta juyo ta harari Kader: ba ta gaya masa ba? Ta zauna a kan wani akwati, ta karɓi ganyen ta fara saƙa. Matar ta kama hannunta tana juya shi tana kallon lallen. A nan suka wuni, Kader yana tsaye a rana yana tunatar da ita lokacin komawa jirgi.

Ta dawo lafiya. Ta raba tsaraba, kwanduna da mafitai. Alhaji Sanda ya samu kifin roba na maƙalawa a firji, ya ce an cuce shi. Da na je gaishe ta na tambaya yaya ruwa. Ta ce launinsa kamar an zuba bula, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta ƙara da cewa, "Ban yi barcin kirki ba ko sau ɗaya."

Bayan wasu makonni ina gidan Rahama, muna zaune a baranda da yamma ina taya ta tsefe wa 'yarta kai. Motar haya ta tsaya, Tanti Houda ta fito. Babu kwando a hannunta, babu leda, jakarta ce kawai. Ta tsaya a ƙasan matakala ta yi sallama.

Rahama ta amsa, ta ajiye matsefi. "Kin dawo, Tanti."

"Na dawo."

"Yanzu kuma ina za ki?"

"Babu inda za ni."

"Ko jirgin sama?"

"Ko keke, ɗiyata. Daga nan sai gida."

Rahama ta cije leɓe don kada dariya ta fito.

"Na zo ki yafe mini abin da na yi miki ranar ƙunshinki, da abin da na faɗa a kan mijinki," in ji Tanti. "Hannuna bai yi ciwo ba. In yau ba ta yiwu, sai in dawo wata rana. Babu mai jirana."

Rahama ta daɗe tana kallonta. Yarinyar ta ɗago kai tana tambaya da Turanci wace ce wannan. Uwar ta ce kakarta ce, ta je ta gaishe ta. Sannan ta ce, "Na ji ciwo, Tanti. Ina so ki san haka."

"Na sani."

"Na yafe." Ta matsar da kujera. "Hau ki zauna, ƙafarki za ta gaji."

Tanti ta hau, ta zauna a bakin kujerar. Babu wanda ya yi kuka. Josiah ya leƙo daga ciki da tsumma a kafaɗa, ya gaishe ta, ya tambaya yaya jirgin ruwa, don shi ma yana so ya kai iyalinsa wata rana.

Tanti ta ce ya kai su, wurin yana da kyau, mutanen suna gaisawa. "Amma ni kam na gama. Otal ɗin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, sau ɗaya ya isa."